Mabuɗi Ɗaya, Masu Gida Tara

Shekara talatin da biyar ina karɓar haihuwa,
ina yanke cibi, ina kwana tsaye.
Ran da garatuti ya faɗo, na ce:
zan tsufa inda ido zai riƙa shan ruwa.

Arzika dillali ya kai ni Kware bayan la'asar.
Ga soro, ga azara baƙa wul da hayaƙin kakanni,
ga dagi a goshin zaure, damina ta lasa ta bari,
ga tafki kwance bayan katanga kamar saniyar da ta ƙoshi,
bado ya yi masa lulluɓi.
Na dafa bango, sanyi ya ratsa ni har ɓargo.
Ban tambayi takarda ba. Na tambayi inuwa.

Nomau ya sa hannu, wai shi ne babba.
Shaidu biyu, goro, fatiha,
hatimin mai unguwa da shuɗiyar tawada.
Arzika ya soke la'adarsa a aljihu:
"Hajiya, gida ya zan naki, sai tarewa."

Kwana goma sha ɗaya na yi ina mai gida.

Na sha biyu, Tumba ta sauko daga Ƙonni,
ba ta ko aje jakarta ba:
"Wa ar raba gadon Baba?
Ina tumunin uwata? Ina rabon Modi da ke Lokoja?"
Ta ƙirga su da yatsu, hannu guda bai isa ba,
tara cif, har da wanda ke gidan kaso,
kowa da ɗakinsa cikin ɗakin da nake kwanciya.

Sai wani tsoho da takardar ajami cikin gafaka:
sashen gabas jingina ne, tun bashin albasa.
Sai liman, cikin ladabi, ido a ƙasa:
rijiyar tsakar gida waƙafi ce,
mamaci ya bar wa unguwa, ba ta sayuwa.

Na ce bari in toshe tsagar bango da siminti.
Kafin magini ya kwaɓa, ga mutanen kayan tarihi,
da littafi, da awo, da murmushi:
kada in fasa taga, kada in sauke tulluwa,
in ya rushe laifina, in na gyara laifina.
A ofishin filaye an buɗe min taswira,
babu sunan Nomau, babu nawa,
sai jan layi da ya ratsa madafina
yana cewa daga nan zuwa nan na ambaliya ne.
Ashe har tafkin yana cikin masu jiran rabawa.

Lauya ya juya takardata gaba da baya
kamar mai duba ƙwai a hasken rana.
"Cinikin biri a sama kika yi, Hajiya."
Nomau ya kashe waya. Arzika ya tafi Umara.
Alƙali ya ɗage zuwa bayan Salla,
ya sake ɗagewa, ya ce kowa ya zauna inda yake,
kada a ɗaga ko tubali kafin a gama tantancewa.

Ni da na san haihuwa ba ta cika
sai mabiyiya ta faɗo an duba ta,
na rungumi jariri ina guɗa,
ban waiwayi abin da ke biye da shi ba.
Gida ma da cibiyarsa, ba a fizge ta da gaggawa.

Yanzu Tumba na ɗakin kudu, ni ina na arewa,
ba ma gaisawa sai ta bakin buta.
Daren jiya aka buga min ƙofa:
matar Modi ce, naƙuda ta zo gadan-gadan,
mota babu, hanya ta cika da laka.
Na wanke hannu da ruwan rijiyar da ba tawa ba,
na durƙusa ƙarƙashin azarar da ake shari'a a kai,
kafin asalatu na ɗaga shi sama, namiji,
yana tsala kuka kamar mai shigar da ƙara.

Tumba ta miƙo min reza, muka haɗa ido.
Ta ce, "Sun zama goma."
Na ce, "Na sani. Riƙe min fitila."
Waje, tafki na ta matsowa.